Adakar da Na Jera Daga Dama

Ku matso kusa, ku da na haifa da ku da kuka zo bayansu, akwai maganar da nake so in gyara tun bakina yana da ƙarfi. Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin adakar ƙarfen nan mai littattafan zane. A bakinku kullum ni ce mai kirki, kakarku Mma, uwar babanku, ita ce tsohuwar da ta naɗe ƙosai da rabin littattafan. Ta naɗe, ban musa ba. Amma ba ku zauna da ita ba, ni na zauna da ita, kuma abin da ya shiga tsakaninmu a kan adakar nan ban taɓa faɗa wa kowa shi duka ba, har babanku, Allah ya jiƙansa.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu mai tauraro ne. Babanku yana kuku a gidan wani Bature, Baturen kuma zai koma ƙasarsu, sai ya rarraba abin da ba zai iya ɗauka ba. Direba ya sami kujeru, mai gadi ya sami bargo da fitila, babanku kuwa aka nuna masa adaka aka ce ya ɗauka. Nauyinta ya sa sai da ya ɗaure ta a kan keke ya turo da ƙafa har gida, yana zufa yana murmushi. Duk mun zaci kwanoni ne. Da aka ɓalle murfin sai ga takardu har baki. Ban taɓa ganin irinsu ba. Sirara ne, kowane shafi an yanka shi ɗaki-ɗaki, a kowane ɗaki akwai mutane, magana tana fitowa daga bakinsu cikin wani farin abu kamar ƙwan agwagwa. Akwai masu doki da faffaɗar hula, akwai dabbobi sanye da wando, akwai waɗanda suka kifa tukunyar gilashi a ka suna yawo cikin taurari. 'Ya'yan Baturen ne suka tara su, kuma sun yi musu riƙon yara: wani ba bango, wani ya sha shayi, wani 'yan ƙarafan tsakiyarsa sun yi tsatsa sun cinye takardar.

Mma ta leƙa, ta ja tsaki irin nata mai tsawo, ta dubi ɗanta.

"Duk shekarun nan kana soya wa mutum ƙwai, ya sallame ka da shara?"

Sai kuma ta sa hannu ta murza shafi ɗaya tsakanin yatsunta, na ga idonta ya yi haske. Mma tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, da ganye take naɗe wa mutane, ganyen kuwa sai an yanko an wanke. Ga takarda ta zo mata har gida.

Kada ku ga laifinta kan zafin rai. Babban ɗanta Tanko, yayan babanku, ya tafi Kudu bakin teku aikin lodin jirgin ruwa tun kafin a kawo ni gidan. Ya aiko saƙo sau biyu, daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Duk motar da ta taso daga Kumasi sai Mma ta sa an tambayo mata a tasha, kuma ba mai ambaton sunansa a gidan sai in ita ta fara. Mace mai ɗauke da wannan ba ta da lokacin dabba mai wando.

"Mma, ki bar min su," na ce.

"Ki yi me da su, 'yar baduku? Ki sa a miya?"

"In jera su."

"Ke da tuwo ke ƙone miki saboda surutu, ke ce za ki jera wannan? To ji. Abin da yake da gida ba na taɓa shi. Wanda na samu yana yawo ba uwa ba uba, na kaskona ne."

Da wannan sharaɗi muka fara. 'Yar baduku take ce min don tsokana, amma sana'ar ubana ce ta cece ni. Shi yake ɗinka wa malaman zango, unguwarmu ta Hausawa, gafaka, Alƙur'anin hannu kuwa ba ɗinkakke ba ne, ganye-ganye yake, don haka na tashi ina ganin yadda ake tsare takarda tsakanin kwali biyu don kada wani ganye ya shiga wurin wani. Na roƙi kwalayen sukari da na sabulu a kanti, na yanka su da tsohuwar wuƙar ubana, kowanne ya ɗara littattafan tsawo da yatsa uku, na bar masa kunne a sama. Waɗannan kwalaye na sa musu suna danga, abin da ke tsakanin danga da danga kuma gida. Na tsayar da littattafan a tsaye cikin adakar maimakon in kwantar da su, don in an zaro ɗaya kada a tayar da sauran. A kunnen kowace danga na rubuta sunan gidan da ajamin da na tsira da shi daga makarantar allo, da tawada da alƙalamin kara. Saboda matan da ba su iya ko wannan ba, na manna ƙyallen atamfa da ƙaro kusa da sunan, kowane gida da launinsa. Gidan Masu Doki rawaya ne. Gidan Masu Tukunya a Ka shuɗi. Dabbobi Masu Wando na ba su wani ƙyalle mai zanen kaji da na samu wurin tela, Sojoji kuma baƙi. Na shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ƙasa, na ɗora adakar kan duwatsu huɗu saboda gara.

Za ku ce ta yaya wadda ba ta san harafin boko ko ɗaya ba ta raba su. Da fuska. Kowane mai zane yana da irin hancin da yake yi wa mutanensa, in ka kalli ashirin sai ka gane hannunsa kamar yadda nake gane dakan kowace mace a unguwa ta bayan katanga. Wanda zai zo gaba da wanda zai biyo baya kuma sai in bi tabo, ko yagewar wando, ko dokin da aka sauya. Na kan zauna da hantsi bayan na gama wanke-wanke, yayarku Hajara tana goye a bayana, tsibin da ban kai gare shi ba yana gefen tabarma, Mma kuma kowace safiya sai ta zo ta ɗebi na ranar. Na sha ganin fuskar wani mai doki da na kwana biyu ina nema tana fita ƙofar gida jiƙe da mai. Da na ga tsibin yana ƙarewa ta wajenta fiye da ta wajena, sai na yanka wata danga, na kwashe duk abin da ya rage na zuba bayanta. Da safe Mma ta zo ta tarar da tabarma fayau.

"Ina sauran?"

"Suna gida, Mma."

"Wane gida?"

"Gidan Baƙi. Ai nan zango ne, baƙo ma yana da masauki."

Ta tsaya da ludayi a hannu tana dubana. Na ga dariya ta zo mata har leɓe ta mayar da ita.

"Allah ya shirye ki," ta ce, ta koma ga ganyenta.

Ga inda kuskurena yake. Ni littafi ɗaya na sani a duniya, kuma daga dama ake buɗe shi. Don haka da na tashi jeri, daga bangon dama na adakar na fara. Kowane littafi daga dama nake buɗe shi, kowane layin ɗakuna daga dama nake binsa. Babban hoton bango na ɗauka adon rufewa ne, irin na Turawa. Babanku bai iya karatu ba, ya kuma sami aiki a gidan saukar baƙi na gwamnati, ba ya zama cikin mata balle ya ga hannuna. Ba wanda ya ce min kul.

Bayan la'asar matan gidan da na maƙwabta sukan taru a tsakar gidanmu ɓarar gyaɗa. Nan na fara zaro littafi ina nuna musu, ina faɗin abin da mutanen ciki suke cewa, alhali daga kaina nake ɗebowa. Ni dama ba mai fita ba ce, ko kasuwa sai dole, amma baki Allah ya ba ni. Akwai Ramatu, wata Bafillatana mai kawo nono daga unguwar Gumani, takan ajiye ƙwaryarta ta zauna, kuma ita ce ba ta barin komai ya wuce.

"Tsaya, Ladi. Wannan ya faɗi ƙasa tun ba a buge shi ba?"

"Matsoraci ne. Da ya ga hannu ya taho sai ya riga shi."

"To me ya sa ya miƙe aka kuma buge shi?"

"Don ya ji kunya. Ke dai ɓare gyaɗarki."

Haka nake toshe kowane rami da baki. A karatuna ɓarayi mutanen kirki ne, kullum suna mayar da kaya cikin gidajen mutane ta taga. Mata su yi ta dariya, su ce lallai ƙasar Turawa sai su.

Akwai wani ƙaramin gida, littafi bakwai ne kawai, na ba shi jan ƙyalle na rubuta Mai Jar Riga. Yadda nake buɗe shi, ana fara ganin wani mutum a kan jirgin ruwa, ya rame, gemu ya cika masa fuska, rigarsa duk faci. Ya sha iska, ya sha faɗa, ya kwana da yunwa. Ana tafiya gemun yana raguwa, rigar tana sabuntuwa, na ce ai ya tuna gida ne ya fara gyara kansa. Ya sauka daga jirgi, ya hau mota, ya bi wata doguwar hanya da ƙunshi a kafaɗa. Sai ga ƙofa, ga wata tsohuwa ta rungume shi tana kuka. A ɗaki na ƙarshe suna zaune su biyu, tana zuba masa abinci.

Mma ba ta taɓa zama cikinmu ba. Can gefe take, ta ba mu baya, tana tsince waken gobe. Ranar da na kai ƙarshen Mai Jar Riga na ji ƙarar wake a faranti ta tsaya. Ba ta juyo ba. Sai da mata suka watse, ina mayar da littattafan bayan dangarsu, ta ce,

"Yaron nan. Shekara nawa ya yi a ruwan?"

"Da yawa, Mma."

"Kuma bai aiko ba?"

"Ba ta hanyar da zai aiko. Tsakiyar teku ne."

"Haka ne," ta ce. "Ba ta hanya."

Daga ranar, duk Juma'a in maza sun tafi masallaci sai ta kira ni ɗakinta ta ce in kawo na yaron nan. Ba ta son in gajarta. In na tsallake wurin yunwar sai ta ce in koma. In mun kai ƙofar sai ta karɓi littafin ta kawo shi dab da idonta, ta ce tsohuwar ta cika gishiri a kukan, ko ta ce abincin ya yi kaɗan ga mutumin da ya sha hanya. Ranar Asabar kuwa ƙosanta ya fi na kullum girma, kowa a layinmu ya sani. Ita da kanta ta sayo kafur ta jefa cikin adakar, ita ta hana yara taɓa murfin. Wannan ce matar da kuke cewa ta cinye littattafai.

Da damina ta ja baya sai wata malamar makarantar 'yan mata, Ticha Sanatu, ta fara zuwa daga unguwar Kaladan ina yi mata kitso. Badagomba ce, ba Bahaushiya ba, Hausarta irin ta kasuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Wata rana da hantsi tana zaune tsakanin ƙafafuna a ɗaki, ta hangi adakar, na buɗe mata ina alfahari. Ta yaba dangogin ƙwarai, ta ce ko a makarantarsu ba a yi wa littafi irin wannan gata ba. Sai na zaro na farkon Mai Jar Riga na buɗe zan ba ta labari. Ta riƙe hannuna.

"Ladi, ka fara daga ƙarshe."

Ta juya littafin, ta nuna min wata 'yar lamba a kusurwar bango. Bakwai ce. Wanda nake ce wa na ƙarshe shi ne na ɗaya. Ta zaro na ɗayan, ta buɗe shi daga hagu ta karanta min abin da ke cikin fararen ƙwayayen nan, tana mayarwa da Hausa. Suna cin abinci. Ya ce mata zai tafi. Ta rungume shi a ƙofa tana roƙonsa ya zauna. Ya ɗauki ƙunshinsa.

"Duba ƙafarsa," in ji Ticha. "Baya ya ba gidan."

Na daɗe da ganin ƙafar nan. Na ce wa mata ya waiwaya ne yana duban nisan da ya taka.

"To ya dawo?" na tambaye ta.

"Na bakwai ya ƙare yana kan ruwa. Ko akwai na takwas, ba shi cikin adaka. Ban sani ba."

Na ƙarasa mata kitson, layin ƙarshe ma ya karkace. Na roƙe ta abu biyu: ta koya min lambobi da haruffan nan, kuma kada ta ɗaga maganar Mai Jar Riga a tsakar gida. Ta yarda da na farko da murna. Na biyun ta ce ita malama ce, ba ta son ƙarya, amma ba za ta shiga tsakanin mace da surukarta ba.

Na yi tunanin in bar komai yadda yake, ba wanda zai sani. Amma Hajara za ta girma, ana ta cewa yanzu ƙasa tamu ce kowane yaro zai shiga makaranta, ban so ta buɗe adakar uwarta ta tarar da duniya a kife ba. Sai na zazzage komai a tabarma na sake daga bangon hagu. Na bi lamba maimakon tabo. Rabin mutanen Gidan Baƙi suka sami danginsu. A ƙarƙashin ajamin kowace danga Ticha ta riƙe min hannu na rubuta sunan da boko, kuma da wannan bokon nake rubuta muku wasiƙa har yau. Na kuma tsaya gaban mata na ce duk abin da na karanta musu baya-baya ne. Ramatu ta yi dariya har nononta ya zube.

"Ashe ɓarayin nan sata suke yi! Ni ko na ce kirkin ya yi yawa!"

Ita ta laƙaba min Malama Baya-baya, sunan ya bi ni shekaru, har a gidan biki. Na ji zafinsa da farko, daga baya ni ma na riƙa amsawa.

Gida ɗaya ne ban juya ba. Littattafai bakwai na bayan jan ƙyalle na bar su a jerinsu na da, na daina fito da su a tsakar gida. Sati biyu Mma ba ta kira ni ba. Tana dai gefe da wakenta, amma na lura yanzu ba baya take ba mu ba, hannuna take kallo. A Juma'a ta uku ta ce in kawo na yaron nan. Na zauna a bakin gadonta, na ɗora littafin a cinya, na buɗe daga dama.

"'Yar baduku."

"Na'am, Mma."

"Na ga hannunki ya sauya a kan duk sauran. Masu doki, masu tukunya, duk ta can kike buɗe su yanzu."

"Haka ne."

"Wannan fa?"

Ina jin muryar liman daga nesa, ina jin kaza tana tono a bakin ƙofa. Na dubi ƙafar mutumin nan a shafi, na dubi Mma. Ta tsufa a shekarar fiye da yadda na lura.

"Wannan," na ce, "irin namu aka buga shi, daga dama."

Ta dube ni. Mma ba wawiya ba ce, matar da take gane ƙwayar wake mai ƙwaro da taɓawa kawai. Sai ta gyara filo a bayanta, ta miƙe ƙafafu, ta rufe ido.

"To karanta. Kada ki tsallake wurin yunwar."

Shekara shida ta ƙara a duniya, kuma ba Juma'ar da Mai Jar Riga bai iso gida ba a ɗakin nan. Baffanku Tanko bai dawo ba, ba mu kuma taɓa jin labarinsa ba. Ni da ita ba mu sake ɗaga maganar ba, mun zauna lafiya, ta ƙone ni da faɗa kan tuwo har watan da ta kwanta, ta rasu kanta a cinyata. Na yi istigfari kan kalmar nan ba sau ɗaya ba, amma in faɗa muku gaskiya, ban taɓa jin na yi nadamarta ba. Abin da ban sani ba har yau shi ne wace ce ta rufa wa wata asiri, ni ko ita. Ku da kuka yi karatu mai zurfi, kuka san inda kowane littafi yake farawa, da ku ne zaune a bakin gadon nan ta tambaye ku, me za ku ce mata?